Ɗiyan albasa a garkar gida: daga iri har kwalba



Kowa ya san yadda albasa take yi da mu a ƙasar nan. Cikin watan Maris da Afrilu, lokacin da anka haƙe ta Magiya da ta Tarka, buhuna sun cika tasha, kuɗinta sun faɗi, mai ita yana roƙon mai saye. In damina ta yi nisa kuwa, wadda anka ajiye cikin rudu ta soma ruɓewa, sai uwargida ta riƙa raba albasa guda gida biyu don miyar rana da ta dare. Wannan karo za mu yi magana a kan wata dabara wadda ba ta son babban fili, ba ta son ruwa da yawa: shuka ƙananan albasa, waɗanda ba su wuce girman goro ba, a tsima su cikin binegar, su kai gida har bayan damina.

Tun fari na 1984, lokacin da hukuma ta ja hankalin jama'a ga noman rani, iyayenmu sunka saba da ƴar garka a bayan gida ko a bakin rijiya. Fangali guda cikin wannan garka ya isa wannan aiki.

Abin da ke hana albasa girma

Ɗiyan albasa ba wani iri ba ne na daban. Ita ce albasar da munka sani, sai dai an hana ta sakewa. Abu biyu ke yin wannan.

Na farko, matsi. In tsirrai sun yi cunkoso, kowane yana samun abinci kaɗan da haske kaɗan, sai ya ɗaura ƙaramin kai ya nuna da wuri.

Na biyu, lokacin shuka. Albasa tana lura da tsawon yini da zafi. Wadda anka shuka cikin Oktoba ko Nuwamba tana samun ɗari da gajeren yini, sai ta daɗe tana yin lawashi kafin ta soma kai. Shi ya sa take girma. Wadda anka shuka daga tsakiyar Janairu zuwa Fabrairu kuwa, yini ya soma tsawo, zafi yana tafe, sai ta yi hanzarin ɗaura kai tun ganyenta bai yi yawa ba. Ga mai neman babbar albasa wannan hasara ce. Ga mai neman ƙanana, shi ne abin so. Kuma a wannan lokaci an gama dashen babbar albasa, wurin renon iri yana zaune banza.

Zaɓen iri

Ja ƴar Galmi, wadda sunanta ya kai har kasuwannin Abijan da Akara, tana yin wannan aiki. Cikin binegar sai ta koma ruwan hoda. Wanda yake son ta fito fes cikin kwalba sai ya nemi farar Galmi ko farar Sumarana ta kusa da Maraɗi.

Ku kula da shekarun iri. Irin albasa ba ya daɗewa kamar na gero. In ya wuce shekara cikin zafin ɗakunanmu, da yawa ba ya tsira. Kafin ku shuka, ku ƙirga ƙwaya 20, ku naɗe cikin tsumma mai laima, ku ajiye a inuwa, kar ku bari ya bushe. Bayan kwana 10 ku buɗe. In 15 ko fiye sun tsira, irin yana da kyau. In wajen 10 ne, ku ƙara yawan abin da za ku shuka. In ba su kai haka ba, ku nemi wani.

Gyaran fangali

Ku yi fangali mai faɗin metir 1, don hannu ya kai tsakiya ba tare da an taka ba. Tsawo kuwa gwargwadon ruwan da kuke iya ja. Metir 2 ko 3 ya isa gida guda. Ku kafce ƙasa zurfin taƙi guda, ku farfasa hoge, ku tsince duwatsu da saiwoyi, ku baje ta sosai don kada ruwa ya kwanta gefe guda. Ƙasa mai ɗan rairayi ta fi laka, don kawunan suna fitowa da siffa mai kyau, kuma tuge su ba wuya.

Game da taki, a nan ne ni kaina na yi kuskure. Shekarar da na fara gwadawa, na bi abin da anka koya mani na babbar albasa: na zuba taki da yawa, na ƙara ure sau biyu, na kuma rage tsirrai don su sake. Lawashi ya yi kore shar, maƙwabta suna yabawa. Da na tuge, wuyansu ya yi kauri, ba su bushe ba, rabi sun ruɓe kafin in kai su kwalba. Saboda haka, in fangalin ya sha taki wajen salati ko tumatir ɗin da anka cire, kar ku ƙara komi. In ƙasar ta gaji, bokiti guda na ruɓaɓɓen taki ga kowane metir biyu ya isa. Ɗanyen kashin dabba yana ƙone tsiro, yana kuma kawo haki.

Shuka

Ku ja layuka da tsinke, tsakaninsu santimetir 10, wato faɗin yatsu biyar, zurfinsu santimetir 1 kawai. Garam guda na irin albasa yana da ƙwaya 250 zuwa 300. Ana son garam 3 zuwa 4 ga kowane metir guda na wannan fangali, kamar ƙaramin cokalin shayi biyu ba tozo. Ku gauraya irin da busasshen rairayi don ya bazu daidai, ƙwaya kusa da ƙwaya, tazarar wajen santimetir 1. Ku rufe da ƙasa mai laushi, ku danna da tafin hannu, ku shimfiɗa ƴar ciyawa busasshiya marar ƴaƴa, sa'an nan ku ba da ruwa da arozuwar mai ƙananan ramuka. Wanda ba shi da ita ya huda gindin gwangwani da ƙusa. Kwarara ruwa da guga yana tara iri wuri guda.

Cikin kwana 7 zuwa 10 tsiro yana fitowa a lanƙwashe kamar zare. Ranar da kunka gan shi, ku ɗauke ciyawar. In ta daɗe a kai, tsiron yana yin tsawo marar ƙarfi, gindinsa ya ruɓe ya faɗi.

Ba a dashe, ba a ragewa. Inda anka shuka su, nan za su nuna.

Kulawa

Saiwar albasa ba ta nisa cikin ƙasa, don haka ruwa kaɗan kullum ya fi ruwa da yawa jefi-jefi. Makonni uku na farko, safe da marece. Bayan haka sau ɗaya a yini, sai in iskar zafi ta taso. Haki shi ne babban abokin gaba, don ganyen albasa siriri ne, ba ya rufe ƙasa. Ku cire shi da hannu tun yana ƙarami. In ya girma, zai tugo ɗiyan albasa tare da shi.

Da zafi ya shigo, akwai wasu ƙwari ƙanana kamar ƙwarƙwata, waɗanda ake ce ma tirips, suna ɓoyewa a tsakanin ganye suna tsotsa, har ganyen ya yi fari-fari kamar an barbaɗa toka. Ku buɗa tsakiyar tsiro ku duba sau biyu a mako. In kun gan su, ku daka busassun ƴaƴan dogon yaro, garam 50 na garin ga litir guda na ruwa, ya kwana, ku tace, ku sa ɗan sabulu, ku fesa da marece. Ku dakatar da feshi mako guda kafin girbi. A ganina, abin da za a ci ɗanye cikin kwalba bai kamata a fesa masa maganin da ba a san sunansa ba, irin wanda ake sayarwa a ƙulle a kasuwa.

Girbi

Tsakanin kwana 70 da 90, kawunan sun kai faɗin santimetir 2 zuwa 3, ganye ya soma kwanciya. In rabin fangali ya kwanta, ku yanke ruwa, ku jira mako guda, ku tuge da safe. Ku shanya a inuwa mai iska, ba cikin rana tsaka ba, don ranar Afrilu tana dafa ƙaramar albasa. Bayan kwana 7 zuwa 10 wuya ya bushe, sai ku yanke ganye. Wanda ke son gabu ya yanki lawashin da bai bushe ba tun ranar tugewa.

Ku ware su kashi uku. Manya su tafi tukunya. Matsakaita su tafi kwalba. Mafi ƙanƙanta, masu santimetir 1 zuwa 2, lafiyayyu, ku baza su a kan raga ko asabari a ɗaki mai iska, kuna dubawa kuna cire wadda ta lalace. In damina ta ƙare a dasa su, suna ba da babbar albasa wajen Disamba ko Janairu, tun sabuwa ba ta cika kasuwa ba. Ba a zaɓi manya don wannan ba, don sun fi saurin fitar da fure.

Tsimawa

Ku zuba albasar cikin tafasasshen ruwa minti guda, ku tsame zuwa ruwan sanyi. Ɓawo zai fita da sauƙi. Ku jiƙa ta cikin ruwan gishiri, garam 100 ga litir guda, kwana ɗaya cur. Gishiri yana janye ruwan jikinta, ta yi garas-garas, kuma kada ta tsinka binegar. Ku ɗauraye, ku tsane.

Kwalbar gilashi ake so, a tafasa ta da murfinta minti 10. Ku jera albasa, ku sa barkono, masoro ko kanumfari yadda kuke so. Ku tafasa binegar cikin tukunyar da ba ta alminiyom ba, ku zuba har ya rufe albasa ruf, ku rufe kwalbar.

Ku karanta takardar da ke jikin binegar: ƙarfinsa kada ya gaza 5 bisa 100, wanda ake rubutawa 5°, 6° ko 8°. Kar ku ƙara masa ruwa. Na taɓa sayen na awo a hannun wani mai tebur, ashe an tsinka shi. Kafin mako uku ruwan ya yi gurɓi, murfi ya kumbura, kwalba huɗu sunka tafi juji. Tsamin nan shi ne mai gadin abinci. In ya yi rauni, ƙwayar cuta mai dafi tana iya rayuwa cikin rufaffiyar kwalba, kuma dafinta yana kisa. Kwalbar da murfinta ya kumbura, ko ta yi kumfa, ko warinta ya sake, a zubar inda yara da dabbobi ba za su kai ba. Kada a ɗanɗana.

Bayan mako 3 ko 4 ta tsimu. A wuri mai inuwa da sanyi tana yin watanni. Wadda anka buɗe a cinye ta da wuri, a riƙa ɗiba da cokali mai tsabta. Ana ci da dambu, da shinkafa da wake, da gasasshen nama, ko a yanka cikin kwaɗon zogale.

Wanda bai taɓa yi ba ya fara da metir guda bana, ya rubuta ranar shuka da ranar tugewa. In malamin gona ya zo garinku, ku nuna masa abin da kunka samu, mu ma mu ƙaru. Allah ya ba mu sa'a.