Sai alat ya shigo: ciniki a kasuwannin Ƙaraye da Rogo

Ranar kasuwa a ƙasar Rogo, tun kafin 'yan hatsi su gama sauke buhuna, masu POS sun kafa lemarsu. Tebur ɗaya, benci, na'ura a hannu, jakar kuɗi rataye a ƙirji. Yawancinsu samari ne, kuma ta hannunsu kuɗin masara da na mazarƙwaila suke bi kafin su kai aljihun manomi.

Ɗan kasuwa ya taso daga Kano ko Zariya, ba ya riƙe da damin kuɗi kamar da, sai waya. In an yi ciniki, aka ce Allah ya ba da riba, sai ya ce a ba shi lambar akawun. Dattijon da ya kawo buhu uku a kan babur ba shi da akawun, ko kuma yana da shi amma bai yarda da kuɗin da bai taɓa da hannunsa ba. Sai a rankaya wajen mai POS, a tura masa, a tsaya ana kallon na'ura. Alat ya shigo, ya ƙirgo kuɗi, ya zare cajinsa. Nan kuma wani cinikin yake tashi: wa zai biya caji? Sau da yawa a kan mai kaya yake ƙarewa, domin shi ne yake son ya koma gida da kuɗin taki kafin la'asar.

Ba da son rai aka shiga wannan hanya ba. A watan Oktoban 2022 Babban Bankin Najeriya, ƙarƙashin Godwin Emefiele, ya sanar da sauya takardun naira 200 da 500 da 1000. Farkon 2023 aka ƙi karɓar tsofaffi, sababbi kuma ba su wadata ba. Masu noman rani a gefen dam ɗin Challawa suka ɗebo tumatir, wanda ba ya jiran kowa, suka rasa mai biya hannu da hannu. Kafin Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin takardu, mai shayi da mai faci sun koyi kalmar tiransfa. Kuɗi sun dawo, amma manhajojin tura kuɗi irin su OPay da Moniepoint da PalmPay ba su tafi ba. Yau za ka ga lambar akawun manne a jikin teburin mai shago.

Amfanin tiransfa a fili yake. Ɗan ci-rani a Legas yana turo wa mahaifiyarsa kuɗin cefane cikin minti ɗaya, ba sai ya jira direba ko ɗan gari mai dawowa ba. Mai sayen shanu kuma yana bin hanya hankalinsa kwance.

Sai dai a ƙauyukan da ke nesa da titi sabis yana da ranar da ya ga dama. A cire kuɗi a nan, bai shiga can ba, sai a yi ta jira, wani lokaci kwanaki. Ga 'yan damfara masu nuna alat na bogi, abin da ya sa ƙa'ida yanzu ita ce ba a ɗaga buhu sai mai kaya ya gani a nasa ɓangaren. Mai tallar nono, da matar da ke ƙuli-ƙuli a cikin gida, da zubin adashe, da gudummawar biki, duk har yanzu kuɗi a hannu suka sani.

Ƙaraye da Rogo ɗan majalisar wakilai ɗaya suke da shi a Abuja, kuma masarauta ɗaya ce ta haɗa su. Ɗan majalisar da masarautar ya kamata su matsa wa kamfanonin waya su ƙara turakun sabis a waɗannan ƙauyuka, domin manomi ya daina asarar yini guda a gindin lema yana jiran kuɗin guminsa.