Daga Akwatin Masu Sauraro: Me Ya Sa Jiki Ke Ƙin Baƙon Nama?

Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga Ɗansoshiya ta ƙasar Kiru, daga wani manomi mai lambun mangwaro. Ga abin da yake cewa:

TAMBAYA: Ƙanena yana fama da ciwon ƙoda, likitoci suka ce sai an yi masa dashe. Na ce a ɗauki tawa. Da aka auna jininmu sai aka ce ba ta dace ba, wai jikinsa zai ƙi ta, alhali uwa ɗaya uba ɗaya muke. Ni kuwa shekara da shekaru ina auren mangwaro, in yanko reshen wannan in ɗaure a jikin wancan, ya kama. Yaya itace zai karɓi baƙo, amma jikin ɗan'uwa ya ƙi na ɗan'uwansa?

AMSA: To Malam, Allah Ya ba ƙanenka lafiya, kai kuma Ya saka maka da alheri. Likitocin nan gaskiya suka faɗa maka. Kowane jiki yana da alamarsa, kamar yadda makiyayi ke yi wa shanunsa sheda, kuma akwai sojoji a cikin jini masu yawo dare da rana suna duba wannan alama. Abin da ba ya ɗauke da ita, maƙiyi ne a wurinsu. Don ka gane yadda abin yake, bari in kai ka teku tukuna, mu ga wata 'yar halitta da masana suka koyi darasi a kanta, sannan mu dawo gida.

Sunanta Botryllus. Kada ka je nemanta a madatsar ruwan Tiga, sai a ruwan gishiri take rayuwa, tana manne a jikin duwatsu da gindin jiragen ruwa. Kowace ɗaya ba ta wuce ƙwayar shinkafa ba, amma ba ta zama ita kaɗai. Uwa guda ce ke tsiro da 'ya'ya daga jikinta, kamar yadda rake ke yin 'ya'ya a gindi, har su zama ɗaruruwa, sun jeru kamar taurari cikin shimfiɗa ɗaya mai santsi. Hanyoyin jininsu duk a haɗe suke. Ka ce gandu ne: uba da 'ya'yansa, gona ɗaya, rumbu ɗaya.

To, wurin zama a kan dutse kaɗan ne. Wannan gandu yana faɗaɗa, na maƙwabci ma yana faɗaɗa, dole wata rana su yi karo. A bakin iyakar kowanne akwai 'yan jijiyoyin jini masu kama da yatsu. Da zarar sun taɓa juna, cikin kwana ɗaya zuwa biyu sai a yanke hukunci. Kowane gandu yana da alama biyu, ɗaya gadon uwa, ɗaya gadon uba. In ko da alama ɗaya ta zo daidai, sai jijiyoyin su haɗe, jinin wannan ya shiga wancan, su koma jiki ɗaya. In kuwa babu wadda ta dace, sai sojojin jini su taru a wurin, su zubo dafi, naman wurin ya mutu ya yi baƙi, ya zama tabo. Iyaka ta tsaya ke nan, kowa ya kama gabansa. Alamomin nan iri-iri ne har ɗaruruwa, shi ya sa da wuya bare ya dace da bare. Wani Ba'amurke mai suna Bancroft ya ba da labarin wannan haɗewa tun 1903, masanan Japan suka gano yadda ake gadonta, kuma a 2013 masu bincike na jami'ar Stanford ta Amurka suka ba da sanarwar ƙwayar gadon da suka alaƙanta da wannan hukunci.

Za ka ce, to me ya kawo wannan tsanani? Ai haɗuwa ƙarfi ce. Haka ne, babban gandu ya fi jure wahala. Amma ka saurari abin da ke biyo baya. Sau da yawa bayan an haɗe, ɗaya yakan narke sannu a hankali, ɗayan ya shanye shi. Akwai ma abin da ya fi wannan. Cikin jininsu akwai ƙwayoyin asali masu zama iri. Na wannan gandu sukan bi jini su shiga wancan, su ƙwace wurin haihuwarsa. Shi ke neman abinci, shi ke wahala, amma 'ya'yan da zai haifa na maƙwabci ne. Ka yi noma, wani ya kwashe irin shuka! Don haka ba ya buɗe ƙofa sai ga dangi na kusa, in ma an cuce shi, gadon bai bar gida ba.

Mu dawo gida. Ka leƙa rugar Fulani a dajin Ɗansoshiya ko wajen Falgore, ka yi tambaya kan saniyar da ta haifi tagwaye, namiji da mace. Tun suna ciki, jijiyoyin mabiyiyarsu sukan haɗe, jinin wannan ya riƙa shiga wancan, kamar dai halittar tekun nan. A 1945 Ray Owen na jami'ar Wisconsin ya gano cewa irin waɗannan tagwaye suna girma kowanne da ƙwayoyin jinin ɗan'uwansa a jikinsa, ba faɗa, domin sojojinsu sun saba da juna tun ba su yi wayo ba. Amma a nan ma haɗuwar tana da hasara. Sinadarin namijin yakan hana mahaifar macen girma, har kusan tara cikin goma na irin waɗannan maruƙa mata sukan tashi juya. Saboda haka 'yan kasuwa, in kun je kara sayen karsana don kiwo, ku tambaya ko tagwaye aka haife ta da namiji. In haka ne, ta nama ce, ba ta haihuwa ba.

Shi kuwa mangwaronka, itace ba shi da irin waɗannan sojoji masu yawo a jini. Abin da yake bukata shi ne ɗanyen wurin nan na ƙarƙashin ɓawo ya haɗu da na reshen, kuma su zama dangi. Shi ya sa lemun zaƙi ke kamawa a kan lemun tsami. Amma ai ka sani, ko ka shekara kana ɗaura mangwaro a kan gwaiba, ba zai kama ba.

Ɗan Adam ya fi su duka tsanani. Alamominmu ba irin na halittar tekun ba ne, kuma sun fi yawa, amma gadonsu haka yake, rabi daga uwa, rabi daga uba. Tsakanin shaƙiƙai biyu, sau ɗaya cikin huɗu ne alamomin ke zuwa daidai gaba ɗaya, sau biyu rabi ya dace, sau ɗaya kuma a tarar kamar bare da bare. Dashen ƙoda na farko da ya ɗore an yi shi ne a birnin Boston a 1954, kuma tsakanin tagwaye masu kama ɗaya. Sai da aka samu magungunan kwantar da sojojin jiki sannan aikin ya yaɗu, har Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara yinsa a 2002.

Abu biyu suka fi sa likita ya ce ƙoda ba ta dace ba. Ko dai rukunin jininku ya saɓa, ko kuma an gwada jininsa da naka an ga sojojinsa sun riga sun ɗaura ɗamarar yaƙi da alamarka, abin da kan faru ga wanda aka sha yi wa ƙarin jini. In aka yi dashe a haka, ƙodar na iya lalacewa nan take, kai ka rasa, shi bai samu ba.

Shawarata uku ce. Na ɗaya, kada ka sa wa ranka zargi, wannan ba ya nuna wani abu game da asalinku. Na biyu, a auna sauran 'yan'uwa masu lafiya da suka yarda don kansu, domin a yau har miji ko mata kan dace. Amma ban da ciniki, dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana sayar da sassan jiki. Na uku, in an yi dashen, maganin nan na kullum ne. Wanda ya ji sauƙi ya ajiye shi, sojojin za su farka su far wa ƙodar. Ku yi lissafin kuɗinsa a gida tun kafin a shiga aiki.

Da fatan ka gamsu. Mai tambaya ya aiko, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.