Bayan Arba'in, Wa Ke Taya Uwa Reno?

Mace ba ta rasa mataimaka ranar da ta haihu a Bebeji ko Kiru. Ungozoma na nan, maƙwabta sun cika gida da barka, an ɗora tukunyar ruwan wanka, an dama kunu. In haihuwar fari ce, gidan iyayenta za ta tafi, uwarta ko gwaggonta ta tsaya mata. Ranar suna ƙawaye su kawo sabulu da atamfa da kayan jariri, kowace an riƙe abin da ta kawo, don in nata ya taso a rama mata. Babu hukumar da ta tsara wannan, kuma yana aiki.

Sai dai da an yi arba'in ake watsewa. Mai jego ta koma girki da wanki da goyo a baya, alhali wahalar reno tana gaba, daga wata shida, lokacin da nono kaɗai ya daina isar yaro, har zuwa yaye. Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna fiye da rabin yaran Jihar Kano 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. Kudancin jihar kuwa ƙasar noma ce: ga shinkafar Tudun Wada, ga masarar Doguwa, ga kifin Tiga. Amma a gidaje da yawa waken suya da gyaɗa kasuwa suke tafiya, yaro ya wuni da koko tsura, don ba a saba kallon abincinsa a matsayin cefane na daban ba.

Damina ce ke tona asiri. Wannan yanki ya fi arewacin jihar samun ruwa, sauro ya yi yawa, hatsin bara ya ja baya, maza kuma suna gona. A 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro sau ɗaya a wata a tsawon damina. A Kano, daga wajen Yuli zuwa Oktoba, masu rabo na bi gida-gida. Ranar farko a gabansu ake narkar da ƙwayoyin a ɗan ruwa, yaro ya sha, a cike masa kati. Sai su bar wa uwa ƙwaya biyu, ta gobe da ta jibi.

A waɗannan kwana biyun ake yin asara. Wata ta ga yaron ya yi amai ta tsorata. Wata ta ce ai lafiyarsa lau, ta adana maganin sai ranar da jikinsa ya yi zafi. Wata ta raba wa yayansa, don ba ta ga dalilin da za a ba wannan a hana wancan ba. Shi ya sa ƙungiyar Malaria Consortium, wadda ke tallafa wa shirin a Kano, take aiki da mata masu faɗa a ji a unguwa, su zagayo bayan masu rabo sun wuce su tambaya: “Kin ba shi na yau?” A ganina babu kashe kuɗin da ya kai wannan ma'ana, domin macen da ta zo miki barka ta fi baƙo mai riga da jaka samun kunnenki.

An koyi wannan darasi da tsada. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano saboda zargi, sai 2004 aka ci gaba, kuma amincewa ba ta dawo ba sai da hakimai da dagatai da masu unguwanni suka shiga, aka kuma ɗauki matan unguwa suna bin gidajen suna. A 2020 aka tabbatar Najeriya ta rabu da ainihin ƙwayar cutar.

Inda har yanzu ake sakaci shi ne wajen maza da kakanni. Ana tara iyaye mata a asibiti ranar awo a yi musu bayani, alhali izinin fita da kuɗin babur a hannun maigida suke, maganar ko a kai yaro asibiti ko a jiƙa masa saiwa kuma sau da yawa kaka ce ke yanke ta. Mutumin ƙauyen da ke bayan Riruwai ko gefen dajin Falgore, in ɗansa ya fara jijjiga da tsakar dare, ba lacca yake buƙata ba, mai abin hawa yake nema. Kwamitin raya mazaɓa, wanda tsarin lafiya a matakin farko ya tanada, zai iya ajiye sunayen direbobi da ɗan asusun mai ta hanyar adashi, liman ya sanar bayan sallar Juma'a.

Kakar kuma a ba ta aiki, a daina kewaye ta. Akwai ɗan tef mai launi uku da ake auna damtsen yaro daga wata shida zuwa shekara biyar. Kore lafiya, rawaya a ƙara masa gyaɗa da wake da ƙwai a kuma nuna shi ga ma'aikacin lafiya, ja kuwa, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani, a kai shi asibiti a ranar. Ba sai an iya karatu ba, kuma kaka guda tana iya auna yaran gida biyar kafin azahar.