Akawun Bombay da Kunyar Mutanen Yola

A watan Fabrairu na 1976 aka ƙirƙiro Jihar Gongola, aka mai da Yola hedkwatarta. Ofisoshin gwamnati suka yawaita a Jimeta, samari akawuna da masu buga tafireta suka yi ta kwararowa daga garuruwa da ƙauyuka, kowa da biro a aljihun gaba. A daidai wannan lokaci, can ƙasar Indiya, ana nuna wani fim wanda sai ka ce labarin ɗaya daga cikin waɗannan samari ne. Sunansa Chhoti Si Baat, watau 'yar ƙaramar magana, Basu Chatterjee ne ya shirya shi.

Ba irin fim ɗin Indiya ba ne da 'yan kallon Arewa suka saba da shi, wanda jarumi guda ke tarwatsa ƙatti goma. Amol Palekar ne ya fito a matsayin Arun, wani akawu a birnin Bombay, mai tsananin kunya, wanda ko na ƙasa da shi a ofis ba sa shakkarsa. Kullum da safe yakan ga wata budurwa, Prabha, a wurin jiran bas. Ya bi ta daga nesa, ya shirya magana a zuci, amma da sun haɗa ido sai baki ya mutu. Abin da ya kasa yi a fili, sai ya yi shi a mafarkin ido biyu. Ko silima ya shiga, yana kallon Dharmendra da Hema Malini suna waƙa, nan da nan zuciya ta cire su ta sa shi da Prabha a madadinsu.

Ana nan sai ga abokin hamayya, Nagesh, mai baki kamar reza, ga kuma babur. Arun ya kwashe ɗan abin da ya tara ya sayi nasa babur ɗin, ashe ruɓaɓɓe aka sayar masa. Da abin ya ishe shi, ya nufi Khandala wurin wani tsohon kanar na soja, wanda Ashok Kumar ya fito a matsayinsa, ya koya masa tafiya da zama da kallon mutum ido da ido, har da dabarun kunyata kishiya.

A nan ne labarin ya shafi Adamawa. A tarbiyyar Fulani da ake kira pulaaku, semteende, watau kunya, da munyal, watau haƙuri, su ne adon mutum. Yaro ya tashi ba ya ɗaga kai gaban babba, ba ya faɗin abin da yake so. A gida wannan daraja ce, domin akwai kawu ko aboki da zai isar da saƙonsa. Amma ofis ba shi da kawu. Akawun da ya yi shiru a kan hakkinsa, sai a ɗauka ba ya bukata, ƙarin girma ya wuce shi ya faɗa hannun mai surutu, shi kuwa ya koma gida yana shirya amsar da ya kamata ya bayar tun da safe.

Kyan fim ɗin shi ne bai ce a yar da kunya ba. Abin da kanar ya cire wa Arun tsoro ne, wanda ya daɗe yana fakewa a rigar kunya. Da aka zo dabara ta ƙarshe, wadda za ta sa ya yaudari yarinyar a ɗakinsa, ainihin kunyarsa ta hana shi, ya fasa, kuma a haka Prabha ta amince da shi.

An raba Gongola a 1991, Yola ta zama hedkwatar Jihar Adamawa, kwamfuta ta kori tafireta daga ofisoshin Jimeta. Basu Chatterjee ya rasu a 2020.