Idan Baba na yawan tashi fitsari da dare, kada mu yi shiru

A gidajenmu na Talata Mafara, Bakura da Maradun, dattijo zai gaya maka ciwon ƙafarsa, amma batun fitsari sai ya haɗiye saboda kunya. To jama'a, wannan kunyar tana iya cin rai.

Maza na da wani ɗan ƙullutu mai girman goro a ƙasan mafitsara, wanda likitoci ke kira furostet. Sankarar da ke kama shi ita ce ta fi kowace sankara yawa a tsakanin mazan Najeriya. Ta fi kama waɗanda suka haura shekara 50, haɗarin kuma ya fi yawa ga baƙar fata da wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya taɓa yi.

Me za mu lura da shi? Yawan tashi fitsari cikin dare, daɗewa a bayi ana yunƙuri, fitsari ya riƙa fita ɗis-ɗis, ko jini a ciki. Idan cutar ta kai ƙashi, sai ciwon baya da ƙugu da rama. Wani lokacin ma ba ta nuna alama a farko.

Amma kada a firgita. Sau da yawa kumburin tsufa ne kawai. A yankin noman rani na dam ɗin Bakolori kuwa, tsargiya ma na sa fitsarin jini. Likita ne zai tantance, ta gwajin jini na PSA da sauran bincike, ba mai tallar magani da lasifika a kasuwar Talata ba, ba kuma bidiyon TikTok ba.

A fara da babban asibiti mafi kusa. Daga nan ana iya tura mutum Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato.

A 2014 Farfesa Wole Soyinka ya bayyana cewa ya yi cutar ya warke. Joe Biden, tsohon shugaban Amurka, sai da ta kai ƙashi aka gano tasa a 2025.

Idan da nauyi ka tunkari Baba, bi ta wajen Inna ko amininsa. Ka ce za ka raka shi, kuɗin mota a kanka.