Hauren Giwa: Hajar Da Ke Jawo Wa 'Yan Kasuwar Nijeriya Asara

A ƙarni na 19 hauren giwa yana cikin manyan hajojin da fatake ke saye daga ƙasar Adamawa su kawo Kano, daga nan a ɗora wa raƙuma tare da jemammun fatu da gashin jimina, a keta hamada zuwa Tarabulus. A wancan zamani halas ne cinikinsa. A yau kuwa duk wanda aka kama da shi ya taka doka, kuma ɓarnar da fataucinsa ke yi ba ta tsaya kan giwaye kaɗai ba, har ta kai ga 'yan kasuwar da ba su taɓa ganin haure da idonsu ba.

An ƙiyasta cewa a shekarar 1979 akwai giwaye kimanin miliyan 1.3 a nahiyar Afirka, amma cikin shekaru goma kacal suka koma kusan 600,000. Wannan ne ya sa ƙasashen da suka rattaba hannu kan yarjejeniyar CITES, wadda ke sa ido kan cinikin namun daji da tsirrai tsakanin ƙasashe, suka haramta cinikin hauren giwa a taronsu na birnin Lozan a 1989. A wannan shekarar ce Shugaba Daniel arap Moi na Kenya ya cinna wa tan 12 na haure wuta a bainar jama'a. An sassauta dokar sau biyu, a 1999 da 2008, inda aka ƙyale wasu ƙasashen kudancin Afirka suka sayar da wanda suka tara, sai dai ƙidayar da aka bayyana sakamakonta a 2016 ta nuna cewa giwayen sarari sun ragu da kashi 30 cikin 100 tsakanin 2007 da 2014. Ƙasar Sin, wadda ita ce babbar kasuwar haure, ta rufe cinikinsa a cikin gida a ƙarshen 2017.

Giwa ba dabba ba ce da ake mayar da gurbinta da sauri. Takan ɗauki ciki na wata 22, ta haifi ɗa guda, sannan sai bayan shekara huɗu ko biyar ta sake haihuwa. Tun da kuma masu farautar sata sun fi neman toron giwa da manyan uwaye saboda girman haurensu, waɗanda suke kashewa su ne jagororin garke.

A Nijeriya, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin kare giwaye na ƙasa a 2024, an bayyana cewa waɗanda suka rage ba su wuce 300 zuwa 400 ba. Abin mamaki shi ne, ƙasar da giwayenta suka kusa ƙarewa ta yi suna a matsayin hanyar fitar da haure. Galibinsa daga dazuzzukan tsakiyar Afirka ake shigo da shi ta kan iyakokin ƙasa, a tara shi, sannan a cusa cikin kwantena a tashoshin jiragen ruwa na Legas da sunan wata haja. A watan Janairun 2019 jami'an kwastam na Hong Kong suka buɗe wata kwantena da ta fito daga Nijeriya za ta Biyetnam, wadda takardunta suka ce daskararren naman shanu ne, sai ga tan 2.1 na haure da tan 8.3 na ɓawon dankunya. A Janairun 2021 kuma Hukumar Kwastam ta Nijeriya ta kama wani irin wannan kaya a Apapa, an ɓoye shi cikin katako.

A nan ne batun ya shafi aljihun ɗan kasuwa na gari. Duk lokacin da aka yi irin wannan kamu, zargi yakan hau kan kowace kwantena da ta taso daga tashar, ko da riɗi ne a cikinta, ko citta, ko ƙwallon kashu. Bincike yana jawo jinkiri, jinkiri kuma kuɗin ajiya ne da mai kaya zai biya, banda zubewar mutunci wurin abokin ciniki. Ba kuma sabon abu ba ne a hukunta ƙasar baki ɗaya. Daga 2005 zuwa 2011 CITES ta dakatar da cinikin da ke ƙarƙashinta da Nijeriya saboda raunin aiwatar da doka, a 2018 kuma ta dakatar da fitar da katakon madobiya daga ƙasar.

Dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ta wanzu tun 1985, an kuma yi mata gyara a 2016. A watan Janairun 2024 gwamnati ta niƙe tan 2.5 na hauren da aka ƙwace, a Abuja, wanda aka ƙiyasta kuɗinsa a kan Naira miliyan dubu 9.9. Niƙe kaya abu ne mai kyau, domin haure da ke ajiye a rumbun gwamnati jaraba ne ga mai riƙe da makulli. Amma abin da zai razana masu wannan sana'a shi ne ganin manyan dillalai a kurkuku, ba direba ko ɗan dako kaɗai ba.

Inda aka ga abin a zo a gani shi ne gandun namun daji na Yankari da ke Ƙaramar Hukumar Alkaleri ta Jihar Bauchi. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, faɗinsa kuwa ya kai murabba'in kilomita 2,244. Ya zama na Gwamnatin Tarayya a 1991, sannan ya koma hannun jiha a 2006. Garkensa na giwaye, wanda ake ƙiyasta shi tsakanin 100 da 150, yana cikin mafi girma da suka rage a ƙasar. A 2014 gwamnatin jihar ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar kare namun daji ta WCS, aka horar da masu gadin daji, aka tsara sintiri, aka kuma ɗaura wa wasu giwaye na'urar da ke nuna inda suke ta tauraron ɗan adam. Ƙungiyar ta ba da rahoton cewa bayan 2015 an shafe shekaru a jere ba a kashe giwa don haure a gandun ba.

Giwa mai rai jari ce ga Yankari. Baƙon da ya zo ganinta a bakin kogin Gaji da rani, ya yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki, zai biya kuɗin shiga da na masauki, ya sayi mai da abinci a hanya, baɗi ma ana iya sake sayar masa da kallon giwar nan.

Sai dai akwai wanda ke biyan kuɗin wannan jari ba da son ransa ba, wato manomin da gonarsa ke gefen gandun. Babbar giwa tana iya cin kilo 150 na abinci a rana, kuma garke ɗaya yakan gama da gonar masara ko dawa a dare guda ana dab da girbi. Don rage wannan, an ɗauki wasu mutanen ƙauyukan kewaye aikin lura da motsin giwaye da korarsu ba tare da an harbe su ba. A Kenya an gwada kewaye gonaki da amyoyin ƙudan zuma, domin giwa na tsoron zuma, manoma kuma suka sami zumar sayarwa. Wannan dabara tana buƙatar jarin farko na amya da waya da kuma dillalin da zai sayi zumar, kuma kiwon zuma sana'a ce da aka daɗe da sani a ƙasar Bauchi.