Injiniyan da Fadamar Ringim Ke Buƙata

A shekarar 1974 aka kammala madatsar ruwa ta Tiga, a 1992 kuma ta Challawa, dukkansu a jihar Kano. Injiniyoyin da suka tsara su sun san aikinsu: ruwa ya taru, noman rani ya kankama a Kadawa da Kura, birnin Kano ya samu na sha. Abin da lissafinsu bai kamo ba shi ne halin da za a shiga can gangare, inda Kogin Haɗeja ke ratsa ƙasar Ringim ya nufi Auyo da Haɗeja. Da can kogin kan cika da damina, ya janye da rani. Da aka fara sako ruwa duk tsawon shekara, sai kacala ta samu gindin zama, laka da yashi suka taru a saiwarta, hanyoyin ruwa suka cushe. Wannan na cikin dalilan da suka sa idan damina ta yi nauyi, kamar ta 2022, ruwa kan bar hanyarsa ya afka gonaki da gidaje.

A ganina da wannan labari ya kamata a fara karantar da duk ɗalibin injiniya a Jigawa. Makarantun kuwa ga su kusa: Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021, cikin masarautar Ringim kanta, ga kwalejojin fasaha a Dutse da Kazaure da Haɗeja. Hukumar COREN mai kula da sana'ar injiniya ta zama mamba ta wucin gadi a yarjejeniyar Washington a 2023, yarjejeniyar da ta shardanta cewa mai digirin injiniya ya san tasirin aikinsa ga muhalli da jama'a. A takarda dai an gama magana. Abin tsoro shi ne a mayar da batun darasi guda na zango guda, a haddace, a ci jarrabawa, a manta.

Ɗauki rijiyar burtsatse mai sola. Ranar buɗe ta kowa murna yake. Hunturu na zuwa ƙura ta lulluɓe faifan, ruwa ya ragu, ba wanda aka koya wa cewa gogewa kawai yake so. Ran da wani ɗan ƙarfe ya ƙone a cikin akwatin wuta, bakaniken garin bai taɓa ganin irinsa ba, sai an je Sabon Gari a Kano, wataƙila can ma a ce sai an yi oda. Yara su koma ɗiba a kududdufi, tanki na tsaye a sama babu ɗigo. Ɗalibin da aka koya wa ɗorewar aiki, kafin ya zana komai zai tambaya: wa zai gyara, da wane kaya, da kuɗin wa? Sau da yawa amsar za ta kai shi ga na'urar da ba ta kai waccan burgewa ba, amma mai walda na bakin kasuwa zai iya kwance ta ya ɗaura.

Injin ban ruwa ma haka. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, manoman shinkafa da alkama ke hanƙoron komawa sola, kuma suna da gaskiya. Sai dai tsadar mai ita ce ke sa manomi kashe inji da zarar fangali ya cika. Rana kuwa kyauta ce. Ruwan da ke kwance ƙarƙashin fadama ba shi da zurfi, kuma abin da damina da cikar kogi suka zuba shi ake zuƙa. Idan kowa ya bar famfo daga hantsi zuwa la'asar, wa ke auna yadda ruwan ke sauka? Aiki ne da ɗalibi zai iya da igiya da ma'auni da littafi, rijiya bayan rijiya, shekara bayan shekara, ya miƙa wa na bayansa.

Gini ma yana da nasa. Ɗakin ƙasa ya fi na bulo da kwano sanyi a bazara, amma ruwa ta gindi yake cinye shi. Ɗaga harsashi da ƙarfafa tubali da ɗan siminti ya fi a ce wa talaka ya rushe ya sake.

Akwai watannin koyon aiki da ake tura ɗalibai ƙarƙashin shirin SIWES, da yawansu su ƙare a ofis a Abuja suna kwafar takardu. A raba wasu zuwa Ringim da Taura da Garki, su zauna da bakanike da magini da shugabannin manoman rani. Aikin kammala karatu kuma, ko kwalbati ne ko famfo, kada a ba shi cikakken maki sai ya ga damina guda, kuma ɗalibin ya rubuta bayanin gyaransa da Hausa, boko da ajami, ya bar wa mai unguwa kwafi.